Tun Ran Gini Ake Zane: Ɗiyanmu 'Yan Aji Shida da Shawarar da Suke Yankewa

Jawabin da aka gabatar a madadin mata 'yan kasuwa a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Hajiya Shugaba uwar ƙungiya, ma'ajiya da sakatariya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu mata da ke zaune a gaba, masu gidajenmu da suka daure suka zo, 'yan'uwa na Batsari da na Safana, da ku ɗiyanmu da kuka cika bayan rumfa, sannunku da zuwa, sannunku da hanya. Na Runka da na Ruma da na Wagini da suka yi sammako, Allah ya maida kowa gida lafiya.

Mun gode ma Allah da ya nuna mamu zagayowar wannan rana. Kafin mu shiga magana muna roƙon a yi mamu uzuri. Mu 'yan kasuwa ne, da tiya da faifai muka saba, alƙalami baƙo ne a hannunmu. Wannan takarda da kuke gani da kanmu muka rubuta ta, dare huɗu muna yi muna gogewa, sannan malamarmu ta duba mamu. In kun ji mun yi tuntuɓe wurin karantawa ku yi haƙuri, da girmanmu muka koyi baƙi.

Da aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana bisa, wasu sun ce tsadar kaya, wasu sun ce masu cin bashi su ƙi biya. Sai ma'ajiya ta buɗe littafinta ta nuna mamu wani abu. Lokaci biyu ne mata suka fi tururuwar neman rance a ƙungiyar nan: lokacin rajistar jarrabawa, da lokacin biki. Muka duba, ashe duka biyun bisa yaro guda suke faɗuwa, wato ɗan aji shida na sakandare, wanda 'yan boko ke ce ma SS3. A wannan shekara ɗaya ake yanke komi. Ko a ci gaba da karatu, ko a yi aure, ko a kama sana'a, ko a ɗauki jaka a tafi ci-rani.

To mun saba da wata magana a bakinmu. Sai mu ce, “Ai shi ya ce ya gaji da boko.” Ko mu ce, “Ai ita ta ce aure take so, ba wanda ya tilasta mata.” Mu wanke hannunmu, shi ke nan. Amma ku da kuke zama kasuwa kun san halin mai saye. Ba ya zaɓen abin da bai gani a faifai ba, kuma ba ya taya abin da ya san aljihunsa bai kai ba. Sau nawa mace ta ɗaga atamfa ta juya ta, ta ajiye ta ce kalar ba ta yi mata ba, alhali mun ga idonta, mun san kuɗin ne ba su kai ba? Haka ɗiyanmu suke. Shawarar da yaro ya furta a aji shida an daɗe da ɗora tukunyarta a cikin gida, kuma da yawa daga cikin icen mu muka iza.

Bari mu fara da gidanmu, don kada a ce muna tona asirin wasu.

Babban ɗanmu yana aji shida, saura 'yan watanni jarrabawa, sai ya zo da dare ya durƙusa ya ce, “Inna, ni in na gama Abuja zan tafi, abokina ya samo mani babur.” Yaron da malamai ke yabo, yaron da ke yi mamu lissafin ciniki tun yana firamare. Muka yi faɗa, babansa ya yi faɗa, muka ce abokan banza ne suka hure mashi kunne. Bai ce uffan ba. Ya gama jarrabawa, ya tafi. Sai bayan shekara guda da ya zo Sallah ya gaya ma gwaggonsa gaskiya, ita ta zo ta gaya mamu. Ashe a shekarar da ba mu noma gonar nesa ba saboda tsoro, kuma dangi suka haɗa kuɗin fansar wani ɗan'uwa, yana kwance a zaure yana jin mu muna ƙirga abin da ya rage. Ya ji mun ce, “In wannan ya shiga jami'a, ƙannensa mi za su ci?” Mu hira muke, mun ɗauka barci yake. Shi kuwa ya ɗauke ta hukunci. Ya cire kansa daga lissafi don ya sauƙaƙa mamu, kuma ya gwammace mu ce mashi mara jin magana da ya ce mamu ya ji.

Wallahi ranar da muka ji wannan ba mu iya cin tuwo ba. Alhamdu lillahi yana nan lafiya, yana aiko da abin da ya samu, Allah ya yi mashi albarka. Amma ba a taɓa tambayarsa mi yake so ba, don mu ba mu san akwai tambayar ba.

Wannan shi ne abu na farko, halin aljihun gida da yadda muke maganarsa. Talauci ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota daga Batsari zuwa Katsina, ko daga Safana zuwa Dutsin-Ma, ya koma. Amma yaro ba ya ganin littafin ma'ajiya, fuskarmu yake karantawa. In kullum ya nemi kuɗin littafi sai mun ja tsaki, to ya koyi cewa karatunsa nauyi ne. Kuma babban ɗa ya fi kowa ɗaukar wannan, don tun yana ƙarami muke ce mashi shi ne uban ƙannensa.

Abu na biyu shi ne daji. Ba sai mun yi dogon bayani ba, kowa a nan ya san mi ake nufi in an ce Rugu. Ku duba shekarun da ɗiyanmu 'yan aji shida suka taso a ciki. A watan Fabrairun 2020 aka shiga Tsauwa da Dankar aka kashe mutane. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona. A ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗaruruwan yara daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, nan maƙwabtanmu, gwamnati ta rufe makarantun kwana. Allah ya sa aka sako su bayan kwana shida, amma tsoron bai sake mu ba. A watan Satumban 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana, sai mutum ya yi tafiya kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Waɗanda ke shirin fita sakandare yanzu, a lokacin suna ƙarshen firamare ko farkon sakandare. Wasu sun yi gudun hijira sun dawo, wasu sun canza makaranta sau biyu, sau uku, wasu sun yi zango guda a gida.

Mi wannan ke yi ma yaro? Yana gajarta mashi hange. Wanda ya kwana a gona yana ɓuya ba ya lissafin shekara huɗu, lissafin gobe yake. In ka ce mashi ya yi haƙuri ya yi digiri, sai ya ga kamar tatsuniya kake. Abin da zai kawo kuɗi yau shi ne gaskiya a wurinsa. Mu ma iyaye haka. Uwa nawa a nan ta ce ɗiyarta ba za ta kwana a makaranta ba ko da kyauta ne? Ba mu ga laifinta ba, mu ma mun faɗa. Uba nawa ya ce gara ya aurar da yarinya ta koma cikin gari, ya san tana ƙarƙashin wani, ya samu barci? Ba ƙin boko ya sa ba, tsoro ne. Amma ya kamata mu kira tsoron da sunansa, mu daina cewa yarinya ce ta zaɓa.

Abu na ukku, kuma shi ya fi ci mamu rai, shi ne rashin sani. Nan ma da gidanmu za mu ba da misali.

Ɗiyarmu mai bi ma wancan yaron tun tana ƙarama take cewa ungozoma za ta zama. Dalili kuwa, wata maƙwabciyarmu naƙuda ta kama ta da dare, ba mai iya fita da mota sai gari ya waye, kafin asuba rai ya yi halinsa, Allah ya jiƙanta. Yarinyar tana nan, ita ke ɗebo ruwa. Ta riƙe abin a zuciya. Da ta kai aji shida muka je tambaya yadda ake shiga makarantar ungozoma ta Malumfashi. Sai aka ce mamu dole sai da kiredit biyar, Turanci da lissafi da darussan kimiyya ukku, wato fizis da kemistiri da bayoloji. Ita kuwa tun aji huɗu aka sa ta ajin adabi, ba ta taɓa zama ajin fizis ba. Ranar da aka raba su an aiko da takarda gida. Mu muka dangwala mata yatsa, ba mu san mi ke ciki ba. Ita kuma ƙawayenta ta bi, don ba wanda ya gaya mata hanya ta rabu a nan.

Ku ji da kyau iyayenmu, don wannan kaɗai in kuka tafi da shi gida ya isa. Babbar shawara ba a aji shida ake yanke ta ba, a aji huɗu ne, ranar da ake raba yara zuwa ajin kimiyya, da na adabi, da na kasuwanci. Mai son likita, ko nas, ko ungozoma, ko injiniya, ajin kimiyya ne nasa. Mai son lauya ko aikin jarida, adabi. Mai son akanta ko banki, kasuwanci. Tun ran gini ake zane. In tukunya ta bushe ba ta karɓar ado.

Ɗan ma'aikaci ya san wannan tun a gida, don babansa ya bi hanyar. Ya san jarrabawar JAMB da kwamfuta ake yin ta, darussa huɗu ne, Turanci dole, maki 400 ne gaba ɗaya, kuma ba a yin rajista sai da lambar NIN. Ɗiyanmu kuwa akwai wanda ranar jarrabawa ce ranar farko da ya ɗora hannu bisa kwamfuta. Kai ɗaya ne, wani lokaci ma namu ya fi, amma ɗaya an haska mashi fitila, ɗaya yana lalube. Akwai yaron da ya faɗi lissafi kaɗai ya ɗauka an rufe mashi ƙofa har abada, bai san WAEC da NECO duk suna da jarrabawar 'yan waje da ake yi a ƙarshen shekara ba, kuma makarantu da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Akwai wanda sunansa a takardar makaranta daban, a katin ɗan ƙasa daban, aka yi ta yawo har lokacin rajista ya wuce. Ƙananan abubuwa ne, amma su ke kada yaro. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abu na huɗu shi ne abin da ido ke gani. Yaro yana auna gobe da mutanen da ke gabansa. In ya duba unguwa, wanda ya yi digiri yana zaune a dakali da takardu cikin leda, wanda ya tafi Legas ko Abuja kabu-kabu ya dawo da waya babba ya yi ma uwarsa rufin kwano, wa kuke jin zai bi? Kada mu yi ma yara ƙarya, akwai masu takarda da ba su da aiki, sun gani da idonsu. Amma mu nuna masu sauran rabin. Malamar da ke duba mu a asibiti, malamin da ke koya masu, malamin gona, mai gwajin jini, da yawansu daga wasu garuruwa ake turo su, kuma in hanya ta yi zafi ba kowa ke iya zama ba. Ɗan gari shi ke zama. In ba mu haifi namu ba, wa zai zauna da mu? Kuma karatu ba a Zariya ko Kano kaɗai yake ba. Ga Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a nan Dutsin-Ma ɗin, ƙofar Safana. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Hassan Usman a Katsina, ga makarantun koyon aikin lafiya a Kankiya da Daura. Akwai ɗiyanmu da ba su taɓa taka ƙofar ko ɗaya ba. Abin da ba ka taɓa gani ba, da wuya ka yi mafarkinsa.

Na biyar, mu mata mu faɗa ma kanmu gaskiya bisa ɗiya mata. Tun yarinya tana aji ɗaya muke tara mata kwanoni da kuloli a ƙarƙashin gado. Tana gani. Ta ga adashi ya fito an sayi katifa, ba ta taɓa ganin adashi ya fito an ce wannan na rajistarki ne ba. Ranar Alhamis, ranar kasuwar Batsari, wa muke cewa ta bar aji ta zo ta tsare mamu rogo da ƙuli? Ita, ba ɗan'uwanta ba. In an yi baƙi ita, in an yi haihuwa ita. To ba mu taɓa buɗe baki mun ce ta bar karatu ba, amma hannunmu ya faɗa sau ɗari. In ta kai aji shida ta ce aure take so, ai amsar da muka koya mata ta maido mamu.

Kada a juya mamu magana. Aure sunna ne, duk nan a cikinsa muke, kuma muna yi ma ɗiyanmu fatan gidaje nagari. Sana'a kuwa ita ta riƙe mu, da ita muka kafa ƙungiyar nan, wanda ya raina tela ko makaniki ko mai awo bai san duniya ba. Ba kowane yaro ne zai je jami'a ba, kuma ba dole ba ne. Abin da muke roƙo shi ne a shimfiɗa ma yaro kayan duka a faifai, ya gani, ya san farashin kowane, sannan a zauna a yi shawara. Kuma aure ba ya hana karatu in an yi maganar tun kafin a sa rana, a gaban waliyyai, ba bayan an kai amarya ba. Muna da matan aure a cikinmu da suka yi kwalejin ilimi da goyo a baya.

To mi za mu yi? Daji ya fi ƙarfinmu, sai addu'a da kira ga hukuma. Farashin mai ba a hannunmu yake ba. Amma akwai abin da ke hannunmu, kuma muna gabatar da shi ga shugabanni su duba.

Muna roƙon a buɗe adashi na musamman don jarrabawa, uwa ta fara zubi tun ranar da ɗanta ko ɗiyarta ta shiga aji huɗu. Kaɗan-kaɗan na shekara ukku ya fi rancen gaggawa na mako guda. Kuma a sa ƙa'ida, kuɗin nan ba a taɓa su don biki ko suna. A kuma gaya ma yaron, ya san akwai abin da aka ajiye da sunansa. Mun tabbata da ɗanmu ya san da irin wannan, da lissafinsa na zaure ya canza.

Muna roƙon sau ɗaya a shekara, kafin a raba aji, ƙungiya ta gayyato malami guda, da malamar asibiti guda, da ɗaya daga cikin ɗiyanmu da ke manyan makarantu, su zauna da 'yan aji ukku da iyayensu su yi bayani da Hausa. A nan ne za a yi maganar rancen karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, da aka fara a 2024 don ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ba ruwa a cikinsa, kuma sai bayan shekara biyu da gama bautar ƙasa ake fara biya. Bashi ne dai, ba kyauta ba, mu da muka san bashi mun san a karanta sharaɗi kafin a sa hannu. Amma a san da shi.

Muna roƙon kowace uwa ta duba sunan ɗanta da ranar haihuwarsa a takardar makaranta da ta NIN tun yanzu, su zama iri ɗaya. Wadda ba ta iya karantawa ta kawo ajinmu a duba mata, ba kunya a ciki. Ko ma dai ta zo ta zauna da mu. Mu da furfura ta fara fito mamu muka fara, yau ga shi muna karanta takardar sakamako da kanmu. Autarmu tana aji ukku, kuma in Allah ya yarda takardarta ba za a dangwala mata yatsa ba, sai mun karanta ta daga sama har ƙasa.

Ku masu gidajenmu, mun san nauyin da ke bisa wuyanku, Allah ya ƙara buɗi. Roƙonmu ɗaya ne. Kafin ku yanke magana bisa yaro ko yarinya, ku kira su ku ce, “Kai mi kake so? Ke mi kike so?” In suka ce ba komi, ku sake tambaya gobe. Ɗan Bahaushe ba ya buɗe ma uba ciki a zama ɗaya, kunya ba ta bari. In ya ƙi faɗa maku, a tura gwaggo ko kawu ko kaka, akwai wanda yake sakewa da shi.

Ku kuma ɗiyanmu na bayan rumfa, ku saurara. Lissafin gida namu ne, ba naku ba. In kun ji muna kukan babu, kada ku yanke hukunci ku kaɗai cikin dare. Ku zo ku faɗa mamu abin da ke ranku, ko da kuna ganin ya fi ƙarfinmu. Mai yiwuwa ya fi ƙarfin uwa ɗaya, amma ku dubi yawan matan da ke zaune a nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muka kafa ƙungiya.

Wata za ta tambaya, ina labarin mai son ungozoma? Tana nan. Ta yi kuka, mu ma mun yi. Daga baya ta ce ba ta haƙura ba. Yanzu tana zuwa darasin kimiyya da yamma wurin wani malami, da safe tana taya mu awo, tana shirin zama jarrabawar 'yan waje. Ko za ta samu ko ba za ta samu ba, Allah ne masani, shekaru sun riga sun tafi. Muna roƙon ku sa ta a addu'a.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure namu ne, a yafe mamu. Allah ya zaunar da Batsari da Safana da jihar Katsina lafiya. Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kuɓutar da waɗanda ke hannu, ya maida 'yan gudun hijira gidajensu. Allah ya shirya mamu zuri'a, ya yi masu zaɓi mafi alheri, ya sa albarka a kasuwarmu da ƙungiyarmu, ya nuna mamu ta baɗi da rai da lafiya.